Igiyar Da Ake Ta Kira, Wuyan Wa Za Ta Faɗa?

Ranar da labarin ɗauke 'yan matan makarantar Maga ya iso mana, cikin Nuwamban 2025, muna majalisarmu ta bayan isha'i nan Gusau wajen mai shayi, wallahi babu wanda shayinsa ya wuce masa da daɗi. Yara mata 25 aka kwasa da asuba, aka harbe mataimakin shugaban makarantar, kuma Maga ɗin nan ba wata duniya ba ce, ƙasar Danko-Wasagu ce ta jihar Kebbi da muke iyaka da ita. Akwai wani dattijo da ke zama da mu, duk Baba muke ce masa, wanda ya baro ƙauyensu da iyalinsa ya dawo yana gadi a cikin gari, sai ya aje kofinsa ya ce "Wai mi a ka jira? Duk wanda an ka kama a halbe shi nan take, ba kotu ba lauya." Kowa ya ce gaskiya ne Baba. Ni kuma bakina da ba ya shiru na ce toh Baba, wanda aka kama ko wanda aka tabbatar shi ne? Ranar na sha magana, har wani yaro da na girme wa nesa ba kusa ba ya ce min lauyan ɓarayi.

Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da ke raina a tsanake, tunda a majalisa ba a barin mutum ya kai aya.

Da farko dai kar wani ya ɗauka ina cikin masu cewa a soke hukuncin kisa. Ba na ciki. Ƙanen mahaifiyata a gonarsa aka ɗauke shi a yankin Tsafe, yana cikin yankan gero, kwana arba'in da wani abu muna waya da mutanen nan, muka sayar da shanun huɗa guda biyu da filin da ya bar wa 'ya'yansa, aka haɗa kuɗi, suka ce sai an ƙara da babur sabo dal da katin waya, aka saya aka kai, bayan sun karɓa sai suka ce mana ai ya kwana biyu da mutuwa. Ko gawa ba mu gani ba, salatul ga'ib aka yi masa. Muryar yaron da yake kiranmu har yau tana kunnena, yana magana yana tauna wani abu kamar cinikin akuya muke. Idan aka kamo wannan yaron, aka kai shi gaban alƙali, aka tabbatar shi ne, wallahi ko gezau ba zan yi ba ranar da za a rataye shi. Saboda haka mai son ya ce ban san zafin abin ba sai ya nemi wata maganar.

Abin da ke damuna daban ne. Duk lokacin da aka yi wata babbar ta'asa sai ka ji 'yan siyasa sun taso da maganar dokar kisa kamar yau aka fara tunaninta. Bayan Maga ma haka majalisar dattawa ta tashi da zafinta, aka kawo ƙudurin cewa garkuwa da mutane ta'addanci ne kuma hukuncinsa kisa, har da masu kai rahoto da masu ba da kuɗi. Jama'a suka yi ta tafi a Facebook. Amma dan Allah dokar ce babu? Tun Nuwamban 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindigar nan a matsayin 'yan ta'adda. A 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar yaƙi da ta'addanci wadda ta tanadi kisa ga aikin ta'addancin da ya ci rai. Mu nan Zamfara ma ba a bar mu a baya ba, a ƙarshen Yunin 2022 gwamnan lokacin Matawalle ya sa hannu a dokar da ta ce ɗan bindiga, da mai garkuwa, da ɓarawon shanu, da infoma, duk hukuncinsu kisa ne. Takarda kam mun tara ta, ko buhu aka kawo sai ta cika shi.

Toh sai me ya biyo baya? Ko sati uku ba a yi da sa hannun nan ba, a watan Yulin 2022, aka naɗa wa jagoran 'yan bindiga Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji, da rana tsaka, da taro da makaɗa, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa. Sai da duniya ta yi ca sannan aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Shi kuwa gogan ya hau babur ɗinsa ya koma daji. Ga doka a aljihun gwamnati tawadarta ko bushewa ba ta gama yi ba, ga wanda aka yi dokar dominsa a tsakiyar gari, ba wanda ya ce masa kanzil. Ni daga ranar na daina ruɗuwa da maganar sabuwar doka.

Sannan ko an yanke hukuncin ma wa ke zartarwa? A tsarin ƙasar nan alƙali ya yanke, a ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli, a ƙarshe sai gwamna ya sa hannu kafin hauni ya yi aikinsa. Gwamnonin nan kuwa tsoron biron suke kamar maciji. Rabon da a zartar da hukuncin kisa na kotu a Najeriya tun Disambar 2016, mutum 3 a jihar Edo. Yanzu haka sama da mutum 3,000 ne ke zaune a gidajen yari suna jiran igiya, wasu sun yi furfura a ciki. Wato gwamnan da zai hau mumbari ya ce a kashe su, shi ne kuma fayil zai iso teburinsa ya tura shi ƙarƙashin wasu takardu har wa'adinsa ya ƙare ya bar wa na bayansa.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa na yi wa Baba tambayar da ta jawo min zagi ba. Kalmar "wanda ake zargi" ita ce matsalata, domin na ga abin da take yi da idona.

A garin kakannina akwai wani yaro mai shagon cajin waya, ɗan ƙaramin janareta gare shi da allon katako da ya jera soket a kai, yana manna wa kowace waya takarda da lamba don kar a rikice. Kowa a nan yake caji tunda rabon garin da wutar lantarki an manta. Wata ranar kasuwa wasu baƙin fuska suka kawo wayoyi guda shida suka ce a sa musu, ya sa. Ku gaya min, a garin da mutanen daji ke shigowa kasuwa da bindiga a rataye, ba soja ba ɗan sanda, wane ne zai ce ba zai karɓa ba? Bayan kwana uku aka shigo aka ɗauki matar wani mai hali. Washegari magana ta fara yawo cewa ai yaron nan infoma ne, an ga wayoyinsu a shagonsa. Masu sintirin garin suka zo suka tafi da shi bayan makarantar firamare, ba a kai la'asar ba aka kira babansa ya zo ya ɗauki gawa. Wata biyar bayan haka da matar ta dawo, ita da bakinta ta faɗi wanda ta ji muryarsa a dabar yana karɓar kasonsa, ashe ɗan uwan mijinta ne na jini. Shi wannan ya gudu, har yau ba a san inda yake ba. Uwar mai cajin tana nan da ranta, idan ka gaishe ta sai ta yi ta kallonka kamar ba ta gane Hausa ba.

Abin da nake so mutane su gane kenan, hukuncin kisa a kan zargi ba wani abu ba ne da muke jira majalisa ta kawo mana, ai muna cikinsa tsundum shekara da shekaru. Bafulatani nawa aka tare a hanyar kasuwa aka yanka don kawai an gan shi da sanda da rawani? Duk wanda ya san yadda wutar nan ta kama a Zamfara ya san irin wannan kisan na cikin abin da ya hura ta, aka kashe na kirki da na banza tare, 'ya'yansu da ƙannensu suka shige daji da ƙullin ramuwa, ɓarayin asali suka samu sojoji kyauta. Wannan ba wanke su ba ne, wanda ya kashe kawuna ba shi da wani uzuri ko a duniya ko a lahira. Amma wanda ya ƙi faɗin yadda gobara ta tashi ba kashe ta yake son yi ba.

Kuma mu 'yan arewa ya kamata mu fi kowa tsoron kalmar nan. A watan Maris na 2025 a Uromi ta jihar Edo aka tare mafarauta 'yan Kano suna hanyar dawowa gida yin sallah, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe 16 aka cinna musu wuta. Duk mun yi kuka, mun ce zalunci ne, me ya sa ba a kai su kotu ba. Toh ai waɗanda suka yi wannan aika-aikar su ma abin da suke faɗa kenan, an dame mu da satar mutane, mun kama waɗanda muke zargi, ba kotu ba lauya. Maganar Baba ce sak, sai dai a bakin wasu, a kan namu. Haka kuma kar a manta yadda aka kashe Muhammad Yusuf shugaban Boko Haram a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, a lokacin mutane da yawa cewa suka yi an huta, kowa ya ga irin hutun da aka yi.

Wani zai ce ai mu ba kisan kan titi muke nufi ba, ta hanyar kotu muke so. Madalla, nan muka haɗu. Amma mu duba kotun da hanyar da ake bi a kai mutum gabanta. A 2017 aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin Wawa da ke Kainji, mutum sama da 1,600 ne a tsare a wurin, wasu sun shekara da shekaru. A zaman farko mutum 45 aka samu da laifi, aka sallami 468 saboda babu hujjar da za a riƙe su da ita. Ku sake karanta lissafin nan. Da a ce maganar majalisarmu aka bi, an harbe su tun ranar kamu, da waɗannan ɗaruruwan duk suna ƙasa, kuma da babu mai sanin cewa ba su da laifi sai Allah. Irin kamun da ake yi kenan, a shigo gari bayan an kai hari, waɗanda suka yi abin sun daɗe da tsallake rafi, sai a kwashe wanda aka tarar, mai gyaran babur, mai kai burodi, ɗan acaɓa. A kai mutum ofis a yi masa dukan kawo wuƙa har ya ce shi ne, a kunna kyamara ya maimaita, a jera su gaban 'yan jarida da bindigogi a gabansu, shi kenan mu kuma a waya mun gama yanke hukunci. Alhali akwai dokar hana azabtarwa tun 2017, kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulki cewa ya yi mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe ƙofa a ce masa yi haƙuri, wanda aka rataye fa, wa za a ba haƙurin?

Masu kawo min hujja da addini kuma, ina son maganar ƙwarai, domin a nan ne ma na fi samun ƙarfi. Eh, aya ta 33 a Suratul Ma'ida ta yi maganar masu yaƙar Allah da Manzonsa suna ɓarna a bayan ƙasa, kuma duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta babin a Risala, inda aka ce ɗan fashi idan an kama shi babu afuwa, in ya yi kisa ba makawa sai an kashe shi. Ban ja ba ko kaɗan. Amma shari'ar da ta faɗi haka ita ce kuma ta ce sai da shaidu adilai ko iƙirarin da ba na tilas ba, ita ce ta ce a tunkuɗe haddi idan akwai shubuha, kuma malamai suka karantar da mu cewa gara shugaba ya yi kuskure wajen afuwa da ya yi kuskure wajen uƙuba. Kuma alƙali ne ke yankewa, ba taron matasa a bayan firamare ba. Ba a ɗaukar rabin shari'a a bar rabi.

Akwai ma wani wuri a babin nan da ban taɓa jin masu sulhu sun karanto shi ba. An ce wanda ya zo ya tuba kafin a ci ƙarfinsa, haƙƙin Allah ya faɗi a kansa, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan sai an bi musu. Toh mu a nan ya aka yi? Auwalun Daudawa da ya jagoranci kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, a Fabrairun 2021 aka kawo shi Gusau ya rantse da Alƙur'ani ya aje 'yan bindigogi, aka ce ya tuba, ba wanda ya tambaye shi jinin kowa ko dukiyar kowa, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, a can 'yan uwansa ɓarayi suka kashe shi. Wace shari'ar ce ta ba gwamnati ikon yafe jinin da ba nata ba?

Mu Zamfarawa mun san wannan fim ɗin tun da daɗewa. Da aka ƙaddamar da shari'a zamanin Yarima, wanda aka fara yanke wa hannu a Maris na 2000 Buba Jangebe ne, a kan satar saniya. Shekara 21 bayan nan a wannan Jangeben aka kwashe 'yan mata 279 daga makaranta a dare ɗaya, aka yi ciniki aka dawo da su, waɗanda suka kwashe su ko farcensu ba a yanke ba. Na Birnin Yawuri da aka ɗauka a Yunin 2021 kuwa, wasu daga cikin 'yan matan sai 2023 suka dawo, har da masu goyo. Kowa ya san sunan wanda ya riƙe su. Kullum igiyar a wuyan mai saniya ɗaya take ƙarewa.

Kuma na sama fa? Kwamitin da aka kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon sufeto janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya ce an kashe mutum 6,319 a jihar nan tsakanin 2011 da 2019, ya kuma nuna yatsa ga sarakuna 5 da hakimai 33. A Afrilun 2022 aka sauke sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin hannu a harkar. Ban ce sun yi ba, ban ce ba su yi ba, su ma zargi ne. Amma ku lura da bambancin, su an kafa musu kwamiti, an saurare su, an ɗauki watanni, a ƙarshe hukuncin da muka gani shi ne tuɓe rawani. Mai cajin waya ko minti goma ba a ba shi ba. Ni abin da aka yi wa sarakunan na sauraro shi nake nema wa talaka, abin da dokar ta tanada kuma shi nake nema wa babba idan an tabbatar.

Akwai hujja ɗaya ta masu cewa a kashe da take da nauyi a wurina, ba zan ɓoye ba. Suna cewa idan ka ajiye su a gidan yari, gobe za a fasa a kwashe su, ko a yi musaya da su, ko a ba da beli ka gan shi ya dawo gari yana neman wanda ya tona shi. Gaskiya ne. A Yulin 2022 an fasa gidan yarin Kuje a gefen Abuja, ɗaruruwa suka tsere har da 'yan Boko Haram sama da 60. Kuma a ƙauyukanmu babu mai yarda ya tsaya shaida, saboda ya san kafin ya dawo daga kotu labari ya riga shi isa daji. Wannan tsoron na gaske ne, ni ma da aka ce in je in ba da bayani a kan kawuna sai da mahaifiyata ta riƙe min riga tana kuka. Sai dai maganin wannan ai shi ne a tsare gidan yarin, a ɓoye mai shaida, a zaunar da alƙalai na musamman nan Gusau da Birnin Kebbi da aikinsu kenan kullum, a sa wa shari'ar wa'adi, a bi layukan wayar da ake ciniki da su tunda an tilasta mana haɗa su da lambar NIN. In an yi haka aka tabbatar, gwamna ya ɗauki biro ya sa hannu a gaban kowa. Kachalla ɗaya, wato shugaban dabar 'yan bindiga, da aka yi wa shari'a a fili, aka ji shaidu, aka ji wa ke sayar masa da harsashi, wa ke karɓar shanun, ya fi min yara ɗari da aka jera a gaban kyamara.

Masu cewa harbi a bainar jama'a zai tsorata su kuma, ai an gwada. Zamanin soja ɗaure 'yan fashi ake yi a jikin durom a harbe, mutane na kallo, daga Oyenusi a 1971 har Anini a 1987, fashi bai ƙare ba. Balle yaron da ya tashi a daji yana kwana da bindiga yana shan ƙwaya, kullum jirgi na yawo a kansa, abokansa na mutuwa a gabansa, shi ne za ka tsorata da wata igiyar da sai an kama shi, alhali ya san ba a kamawa?

Bayan kwana biyu da waccan hayaniyar na koma majalisa, Baba ya matsa min wuri a kan benci ya ce mai shayi ya haɗa min. Ya ce "Ɗana, ba ƙin maganarka ni yi ba, zuciya ce." Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba, ashe ɗansa na biyu shekara uku kenan da aka kwashe su a wani samame a tasha, yana sayar da rake, har yau bai san inda aka kai shi ba, ya je ofis ya fi sau goma ana ce masa ya dawo. Babban ɗan kuma mutanen daji ne suka kashe shi a gona. Na ce Baba, to ranar nan da kake cewa a harbe duk wanda aka kama fa? Ya daɗe yana juya cokali a kofi bai ce komai ba, can ya ce in na san wani lauya da ba ya cin kuɗi da yawa in haɗa su.